Hukuma biyu a kan gari ɗaya: yadda hukumar gunduma ke aiki a Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana da shago a garin Mthatha na Afirka ta Kudu. Ya ce min takardar kuɗin ruwa daga wata hukuma take zuwa masa, ta harajin gida da kwasar shara kuma daga wata daban, alhali dukansu ƙananan hukumomi ne. Mai ruwan wai ita ce hukumar gunduma. Da na bincika sai na ga akwai masu irin wannan suna a Kanada da Lituweniya. Don Allah mece ce hukumar gunduma? Irin gundumar hakimi ce da muka sani? Kuma da za a kawo ta Najeriya, za ta gyara mana ƙananan hukumominmu?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a dunƙule: abin da hukumar take a inda ƙanenka yake zaune, ko daidai take da masu sunanta a wasu ƙasashe, da kuma ko tana da amfani a wurinmu. Abin da ƙanenka ya faɗa maka gaskiya ne. A Mthatha hukuma biyu ce ke mulkin gari ɗaya a lokaci guda. Ƙaramar hukumar King Sabata Dalindyebo ita ke karɓar harajin gidaje, ita ke kwashe shara da gyara titunan cikin gari. Hukumar gundumar OR Tambo kuma ita ke riƙe da ruwan famfo da bututun ƙazanta. Gundumar ta haɗa ƙananan hukumomi 5 a ƙarƙashinta: King Sabata Dalindyebo, Nyandeni, Mhlontlo, Port St Johns da Ingquza Hill, kuma hedikwatarta a Mthatha ɗin take. Saboda haka idan famfon shagonsa ya ƙafe, ofishin gunduma zai nufa. Idan kuwa shara ce ta taru a ƙofar shagon, can ɗaya ofishin.

Batun hakimi mu sallame shi tun yanzu. Hakimi wakilin sarki ne, naɗa shi ake yi. A zamanin En'e ta hannunsa haraji da jangali ke bi, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa gare shi har baitulmali, amma tun bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ba shi da kasafin kuɗi na aiki, ba shi da majalisar da jama'a suka zaɓa. Hukumar gundumar da muke magana a kai tana da kansiloli, da magajin gari, da ma'aikata, da kasafin kuɗi na shekara. Ba su haɗa hanya ba.

Me ya sa Afirka ta Kudu ta yi hawa biyu

Ba za ka gane wannan tsari ba sai ka tuna yadda wariyar launin fata ta bar ƙasar. Garuruwan fararen fata suna da hukumominsu, kuma a cikinsu kantuna da masana'antu suke, don haka a can haraji ke taruwa. Baƙar fata suna kwana a unguwannin bayan gari, su shigo da safe su yi aiki, su yi cefane a kantunan cikin gari, kuɗinsu ya ƙare a asusun hukumar da ba ta yi musu ko kwalbati. Daga nan aka samu taken masu gwagwarmaya na "birni ɗaya, asusun haraji ɗaya". Can karkara kuma akwai yankunan da aka ware wa baƙar fata aka ce wai ƙasashe ne masu cin gashin kai, irin su Transkei, wadda Mthatha ce babban birninta. A mafi yawan ƙauyukan waɗannan yankuna babu zaɓaɓɓiyar ƙaramar hukuma sam, babu famfo, babu injiniya.

Kundin tsarin mulki na 1996, a sashe na 155, ya kasa ƙananan hukumomi gida uku. Rukunin A su ne manyan birane, waɗanda ke riƙe da komai su kaɗai. Rukunin B su ne ƙananan hukumomin gari, waɗanda ke raba iko da ta sama da su. Rukunin C su ne hukumomin gunduma. Dokar da ta fayyace tsarin ta fito a 1998, aka kuma fara aiki da shi da zaɓen Disamba 2000, inda aka dunƙule hukumomi 843 suka koma 284. Yau akwai 257: manyan birane 8, gundumomi 44, ƙananan hukumomin gari 205. Mutumin Johannesburg ko Cape Town ko Durban bai san hukumar gunduma ba, domin birninsa ba ya ƙarƙashin kowacce. Duk wanda ke wajen manyan biranen nan 8 kuwa, ko a ƙauye yake ko a gona, hukuma biyu ce a kansa.

Hikimar da ke ciki mai kyau ce, kuma ni ina ganin girmanta. Akwai ayyukan da ba su san iyaka ba. Madatsar ruwa ɗaya tana iya shayar da garuruwa huɗu. Ƙaramar hukumar da ke da mutum dubu hamsin ba za ta iya sayen motar kashe gobara da ɗaukar injiniyan ruwa da gina wurin binne shara na zamani ba, amma idan biyar suka haɗu za su iya. Shi ya sa sashe na 84 na dokar 1998 ya lissafa wa gunduma ruwan sha, bututun ƙazanta, wuraren zubar da shara na yanki, hanyoyin da ke haɗa garuruwa, kwana-kwana, duba-gari, mayanka da kasuwannin kayan gwari da maƙabartun da ke yi wa yanki gaba ɗaya hidima, da tsara shirin raya gunduma. Manufa ta biyu ita ce raba arziki: a haɗa gari mai kuɗi da ƙauyuka marasa shi a tukunya ɗaya, domin abin da aka tara a gari ya kai famfo ƙauye.

Ranar zaɓe, ɗan ƙasa da ke zaune a Mthatha takardar ƙuri'a uku ake miƙa masa. Ta farko ya zaɓi kansilan mazaɓarsa, ta biyu ya zaɓi jam'iyya a majalisar ƙaramar hukumar gari, ta uku ya zaɓi jam'iyya a majalisar gunduma. Sai dai wannan ta ukun kashi 40 cikin 100 na kujerun majalisar gunduma kaɗai take cikewa. Sauran kashi 60 ɗin ƙananan hukumomin da ke ƙasa ne ke turo su daga cikin nasu kansilolin.

Inda aka samu matsala

Matsalar farko kuɗi ce, kuma a ganina ita ce uwar sauran. Da aka kafa gundumomi suna da harajinsu na kansu, wanda suka gada daga majalisun yanki na shekarun 1980: wani ɗan kaso da kamfanoni ke biya a kan albashin ma'aikatansu da cinikin da suka yi. A Yuli 2006 gwamnatin ƙasa ta soke wannan haraji, ta ce za ta riƙa aiko musu tallafi a madadinsa. Harajin gidaje kuma, wanda shi ne ƙashin bayan kowace ƙaramar hukuma, na hukumar gari ne, gunduma ba ta da ko sisi a ciki. To ka ga hukumar da aka kafa don ta raba arzikin yanki ta koma ba ta tara komai daga yankin, sai jiran abin da za a aiko daga Pretoria, mazaunin gwamnatin ƙasa. Mu da muka yi aiki a ƙananan hukumomin Najeriya mun san wannan zama na jiran kason wata-wata. Hukumar da ba ta karɓar kuɗi daga hannun jama'a ba ta jin tsoron jama'a, tsoron mai aiko kuɗin take ji.

Ta biyu ita ce ruwa. Doka ta ce na gunduma ne, amma ta ba minista dama ya bar shi a hannun hukumar gari idan ita ce ke da ƙarfin yi. Garuruwan da tun zamanin fararen fata suke da tankuna da injiniyoyi da masu karanta mita ba su yarda su saki ba, domin ruwa da lantarki su ne ke kawo musu kuɗi. Abin da ya biyo baya shi ne kusan rabin gundumomin ne kawai ke riƙe da ruwa, kuma galibinsu a lardunan KwaZulu-Natal, Eastern Cape da Limpopo suke, wato inda tsofaffin yankunan wariya suke, inda talauci ya fi yawa, inda kai bututu ya fi tsada saboda ƙauyuka a warwatse suke a kan tsaunuka, inda kuma masu iya biyan kuɗin ruwa suka fi ƙaranci. A lardin Western Cape da Gauteng da Free State ruwa na hannun hukumomin gari. Gundumomin can sai suka rage da kwana-kwana da duba-gari da tsare-tsare, a Western Cape kuma da gyaran hanyoyin lardi a madadin gwamnatin lardin. Wato gundumar da ke da arziki a yankinta ba ta da babban aiki, wadda ke da babban aiki kuma ba ta da arziki a yankinta.

Sannan garin da ya yi ƙarfi ficewa yake so ya yi. A 2011 Buffalo City, wato yankin East London, ta fita daga gundumar Amathole ta zama babban birni mai cin gashin kai. Mangaung, inda Bloemfontein take, ita ma ta zama babban birni, aka rushe gundumar Motheo da take ciki. A shekarar ce aka haɗe gundumar Metsweding da birnin Tshwane, inda Pretoria take, adadin gundumomi ya sauko daga 46 zuwa 44. Duk lokacin da gari mai kuɗi ya fice, ƙauyukan da aka so su jingina da shi su ke zama su kaɗai.

Akwai kuma batun wakilci. Kansilan da ƙaramar hukumarsa ta turo majalisar gunduma ya san wa ya turo shi, kuma can hankalinsa yake. Mai zaɓe kuwa ya san kansilan mazaɓarsa, ya san gidansa, amma da wuya ya san fuskar wanda ke wakiltarsa a gunduma. Idan famfo ya ƙafe mutane ƙofar kansilan mazaɓa suke zuwa, shi kuma ya ce musu ba aikinsa ba ne. Saboda irin waɗannan dalilai an daɗe ana muhawara a ƙasar ko a rushe gundumomin gaba ɗaya. Gwamnatin Cyril Ramaphosa ta bi wata hanyar: a 2019 ta ƙaddamar da tsarin raya ƙasa ta gundumomi, inda gwamnatin ƙasa da ta lardi da ƙananan hukumomi za su yi shiri guda ɗaya ga kowace gunduma da kowane babban birni. An fara gwajin a gundumomin OR Tambo da Waterberg da birnin eThekwini, wato Durban. Tsarin yana iya rage karo da juna tsakanin ma'aikatu, amma bai mayar wa gunduma harajinta ba.

Sauran ƙasashen

Na Kanada da Lituweniya da ka gani, mafi yawansu suna ne kawai ya zo ɗaya. A lardin British Columbia hukumar gunduma ƙaramar hukuma ce mai hawa ɗaya kamar kowacce. Ana ba ta sunan ne idan faɗin ƙasarta ya wuce hekta 800 kuma yawan jama'a bai kai mutum 5 a kowace hekta ba a lokacin kafa ta. Saanich da Squamish da West Vancouver duk haka suke. A Nova Scotia sunan ana ba wa hukumar karkara ce da ta ɗauki wani ɓangare na tsohon yanki, kamar Chester da Clare. Wadda ta yi kama da ta Afirka ta Kudu ita ce Muskoka a lardin Ontario, da aka kafa a 1971, mai ƙananan hukumomi 6 a ƙarƙashinta. Lituweniya tana da ƙananan hukumomi 60, 43 daga ciki na gunduma ne, gado daga rabon ƙasa na zamanin Tarayyar Sobiyet, kuma babu wata zaɓaɓɓiyar hukuma a samansu ko a ƙasansu. Birnin Vilnius hukumarsa daban, gundumar Vilnius da ta kewaye shi hukumarta daban, babu mai ba wani umarni.

A Ingila kuma abin a juye yake: a wuraren da ke da hawa biyu tun 1974, majalisar gunduma ce ta ƙasa, ta yanki ce a sama. Ghana, inda 'yan'uwanmu na zango suke, hawa ɗaya ne: majalisu 261, ana kiran wata ta gunduma, wata ta gari, wata ta babban birni, gwargwadon yawan jama'a. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban kowacce, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarta su amince.

Wadda nake so ka duba da kyau ita ce Jamus, ko da yake ba ka ambace ta ba. Suna da gundumomin karkara 294 a saman ƙananan garuruwa, manyan biranensu kuma suna tsaye su kaɗai, kamar dai Afirka ta Kudu. Gunduma na kula da asibitocin yanki, makarantun koyon sana'a, hanyoyin gunduma, shara, da rajistar motoci, har haruffan farko na lambar mota suna nuna daga wace gunduma ko birni ta fito. Bambancin abu biyu ne. Jama'a ne ke zaɓen majalisar gunduma kai tsaye. Sannan garuruwan da ke ƙasa suna biyan gunduma wani kaso daga kuɗin shigarsu kowace shekara, wanda majalisar gundumar ke yankewa. Garin da ya fi samu shi ya fi biya. Magadan gari suna ƙorafi a kan wannan kaso, wani lokaci har kotu, amma ƙorafin ne ke sa su zuba ido su ga inda kuɗin ya tafi.

Za ta yi mana amfani?

Aikina na yi shi ne a sashen tsare-tsare da kasafin kuɗi na ƙananan hukumomi a arewacin Najeriya. Abin da na faɗa kan ƙasashen waje daga dokokinsu da rahotanninsu na samo shi, amma wannan ɓangaren da idona na gani. Ciwon da hukumar gunduma ke neman magancewa muna da shi. Na yi aiki a wata ƙaramar hukuma da ke gefen babban birni, inda muka gina lambatu mai kyau, da siminti, har zuwa iyakarmu. Daga nan ruwan sai ya faɗa cikin unguwar maƙwabtanmu, domin su ba su sa nasu rabin a kasafinsu ba. Damina ta farko ruwan da muka tattaro ya shiga gidajen mutane, suka fito da katifu suna shanyawa a kan katanga. Akwai kuma wata kasuwa da ke kan iyaka, inda na tarar da mai tumatir riƙe da rasit biyu na rana ɗaya, kowace hukuma ta turo mai karɓar harajinta, bolar kasuwar kuwa ta yi tsiri babu mai kwashewa, kowa na cewa a ɓangaren ɗaya take.

Dubi birnin Kano. Birni ɗaya ne a idon mai tafiya, amma ƙananan hukumomi 8 ne: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ruwan sama da shara da cunkoson motoci ba ruwansu da waɗannan iyakoki. A Nijar an ɗan tanadi wannan, domin Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa an ba su matsayin birni mai hukuma ɗaya da ƙananan yankuna a cikinta. A Najeriya kuwa gyaran 1976 hawa ɗaya ya yi, kuma ƙananan hukumomi 774 ɗin da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999 duk matsayinsu ɗaya, daga Fagge mai kasuwanni har wadda ba ta da ko banki.

Duk da haka, ba na goyon bayan a ƙirƙiro sabon hawa na gunduma a Najeriya. Ayyukan da gunduma ke yi a Afirka ta Kudu, a nan gwamnatin jiha ta riga ta riƙe su: ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha ne, kwana-kwana ma haka, sharar manyan birane ma galibi haka. Jihohinmu 36 ne, lardunan Afirka ta Kudu 9 kacal, don haka tazarar da ke tsakanin lardi da ƙauye a can ta fi wadda ke tsakanin jiha da ƙaramar hukuma a nan. Sabon hawa yana nufin sabon ciyaman, sababbin kansiloli, sakatariya da motoci, duk daga kason da ko yanzu albashi ke cinyewa. Kuma sai an gyara kundin tsarin mulki kafin ya samu kaso daga asusun tarayya. Legas ta ƙirƙiri ƙarin hukumomi 37 a 2003, rigimar ta kai Kotun Ƙoli, kuma har yau ba su shiga jerin 774 ba. Yaƙin da ke gabanmu ma bai ƙare ba: hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Hukumar da ba ta riƙe kuɗinta ba, ba ta da abin da za ta haɗa da maƙwabciyarta.

Abin da zan ba da shawara a kai yana British Columbia ɗin nan da ka ambata, amma a wani tsarinsu daban da suka fara a 1965, na haɗakar yanki. Garuruwa da ƙauyukan yanki ɗaya suna turo wakilai hukumar haɗaka, kuma kowane aiki asusunsa daban: waɗanda suka shiga aikin ruwa su ke biyan kuɗin ruwa, waɗanda suka shiga na kwana-kwana su ke biyan nasa, wanda bai shiga ba ba a cajinsa. Majalisar dokokin jiha tana da ikon yin doka irin wannan ba tare da an taɓa kundin tarayya ba. Ƙananan hukumomin birni ɗaya su haɗu a kan abu biyu tukuna, manyan magudanan ruwa da wurin zubar da shara, tunda shara da kasuwanni da mayanka suna cikin ayyukan da jadawali na huɗu na kundin ya ba su. Dokar ta rubuta kason kowacce gwargwadon yawan jama'arta da kuɗin shigarta, a cire shi tun daga tushe ranar da kuɗin wata ya shigo, a ɗauki injiniyoyi ƙalilan na dindindin, ciyamomin su riƙa karɓar shugabanci bi da bi ba tare da ƙarin albashi ba, kuma a liƙa lissafin abin da aka kashe a allon kowace sakatariya duk bayan wata uku.